Ƙofar Da Ke Ɓoye A Bayan Rediyon Mota

Akwai wata 'yar damuwa da ta zama ruwan dare tsakanin masu motoci a ƙasar nan, tun daga Legas har Maiduguri, wadda ba a cika jin maganarta ba sai a bakin rumfar masu gyaran wayarin. Mutum ya daɗe yana tara kuɗinsa, ya sayi mota ta hannu wadda aka shigo da ita daga Turai ko Amurka, irin waɗanda a Kudu ake kira tokumbo, a Arewa kuwa ake ce musu Beljiyam ko 'yan Kwatano. Inji lafiya, giya lafiya, na'urar sanyi tana aiki, rediyo da sifikunsa kuma ras kamar yau aka fito da su daga kamfani. Amma ranar da ya kama hanya sai ya tarar rediyon nan bai san kome ba sai kaset da faifan CD, alhali kuwa duk abin da yake son saurara, ko karatun Alƙur'ani ne, ko tafsirin watan azumi, ko waƙoƙin marigayi Mamman Shata, yana cikin wayarsa ta salula. Ga abin ji a aljihu, ga sifiku a ƙofofin mota, amma babu abin da zai sada su.

Daga nan sai a ga masu motoci sun rabu gida biyu. Waɗansu su ɗora salula a kan dashbod su ƙure mata murya, ko su toshe kunnuwansu da iyafis suna tuƙi. Waɗansu kuwa su nufi wurin mai gyara, a ciro rediyon kamfani a jefa shi cikin but, a yayyanke wayoyi a ɗaura wani sabo mai walƙiya. Na farko yana sayar da ransa da na fasinja, na biyu kuma sau da yawa yana lalata abin da ba zai iya mayarwa ba. Abin takaicin shi ne galibin motocin nan ba su bukatar ko ɗaya daga cikin biyun, domin a bayan rediyonsu akwai wata ƙofa da masu ƙera su suka bari domin wata na'ura daban, wadda idan aka san ta, sauti zai shiga ta cikinta ba tare da an yanke waya ko guda ba.

Yadda Aka Yi Mota Ta Tsufa Da Rediyonta

A 1930 ne kamfanin 'yan'uwan nan biyu, Paul da Joseph Galvin na birnin Shikago a Amurka, ya fitar da rediyon mota mai suna Motorola, wanda yana cikin na farko da suka samu karɓuwa a kasuwa. A 1963 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset, kuma a lokacin da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, rikodar mota ta riga ta fara zama abin alfahari ga direba. Kaset ya yi zamaninsa a ƙasar nan fiye da shekara ashirin, da shi aka yaɗa wa'azi, da shi aka yaɗa waƙa, babu tashar motar da ba a samun mai sayar da shi. A 1982 faifan CD ya fito daga hannun Sony da Philips, shi ma ya samu gurbinsa a gaban mota.

To, amma mota aba ce mai tsawon rai, tana iya yin shekara ashirin ko fiye a kan hanya, shi kuwa abin sauraro bai cika daɗewa haka ba kafin wani ya ture shi. A 2001, shekarar da aka fara amfani da salular GSM a Nijeriya, kamfanin Apple ya fitar da iPod, wata 'yar na'ura mai ɗaukar waƙa dubu a aljihu. Motocin da suka fito a 2002 da 2003 an riga an gama zana su kafin wannan lokaci, saboda haka yawancinsu ba a tanadar musu ramin karɓar sauti daga waje ba. Sai wajen 2007 zuwa 2009 ne wannan rami ya zama abin da ake samu a kusan kowace Camry da Accord da Corolla da aka ƙera domin kasuwar Amurka. Lexus SC 430 ƙirar 2010 tana cikin motocin ƙarshe da aka sayar a can da rikodar kaset ta kamfani. Motocin da suka faɗa tsakani, watau ƙirar 1998 zuwa 2007, su ne har yanzu suke da yawan gaske a titunan ƙasar nan, kuma su ne wannan magana ta fi shafa.

Shi wannan rami ana rubuta AUX a kusa da shi, gajarcewar wata kalmar Turanci ce mai nufin abin taimako. Ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Fulogin da ke shiga cikinsa kaurinsa milimita 3.5 ne, shi ne wanda rikodar aljihu ta Walkman ta yayata tun daga 1979, kuma an raba shi kashi uku da baƙaƙen zobba biyu. Tsinin yana ɗaukar sautin hagu, na tsakiya sautin dama, gindin kuma shi ne hanyar komawar lantarki. Wayoyi uku ke nan kawai. Duk dabarun da za a ambata a ƙasa manufarsu ɗaya ce, watau a samo inda za a shigar da abin da wayoyin nan uku suka ɗauko cikin amfilifayar rediyo.

Hanyoyi Biyu Da Ba Su Bukatar Sukuddireba

Wanda rikodar motarsa take da rai, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce kaset ɗin nan mai jela, wanda wani injiniya Ba'amurke, Larry Schotz, ya samu takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1988. Kamanninsa kamannin kaset, amma babu zare a ciki. Abin da ke ciki wani ɗan kan maganaɗisu ne da ke tsayawa fuska da fuska da kan rikoda, yana mayar da sautin salula ya zama maganaɗisu, rikoda kuwa ta karanta shi tamkar zare ne yake wucewa. Akwai kuma waɗansu 'yan giyoyin roba da suke haɗa ƙafafun biyu domin rikoda ta ɗauka zare yana tafiya. Idan giyoyin nan suka cije sai a ga rikoda tana ta juya fuska ko ta tofo kaset ɗin waje. Muryarsa ba ta da laifi muddin an goge kan rikoda da auduga da sifirit, an kuma kashe maɓallin Dolby. Aibinsa shi ne ya dogara ga bel da giyar rikoda, waɗanda zafi da ƙurar hunturu suka riga suka gama da su a yawancin motocin nan.

Hanya ta biyu ita ce wadda aka fi gani a hannun masu talla a cikin cunkoson motoci da kuma kasuwanni irin su Alaba da Kwamfuta Bilej na Ikeja, watau 'yar na'urar da ake cusawa a ramin kunna taba. Ita wannan ƙaramar tashar rediyo ce mai rauni. Tana karɓar sauti daga salula ko memori ta watsa shi a zangon FM, rediyon mota kuma ya kama shi kamar yadda yake kama kowace tasha. Sharaɗinta shi ne a samu gurbin da babu kowa tsakanin megahaz 87.5 da 108, kuma a nan matsalar take. Kafin dokar soja ta 38 ta 1992 wadda ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, da kuma fitowar RayPower a Legas a 1994, zangon FM fili ne fetal. Yau kuwa a Legas da Ibadan da Abuja da Kano tashoshi sun yi cunkus, da wuya a samu gurbin da wata ba ta leƙowa. Direban da ya taso daga Agege zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 1,000, zai ji muryar tangaran tsakanin Jebba da Mokwa, amma da ya doshi Kaduna sai ƙara ta taso, dole ya sake neman gurbi yana tuƙi.

Har ila yau akwai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Rediyon motar da aka ƙera domin Amurka ba ya tsayawa sai a kan lambobin da suka ƙare da 1, 3, 5, 7 ko 9 bayan ɗigo, kamar 88.1 ko 88.3, saboda haka wanda ya saita na'urar a kan 88.0 ba zai taɓa samun murya mai tsabta ba. Rediyon da aka yi domin kasuwar Japan kuwa, na waɗancan shekaru, daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, sai dai a nemi gurbi tsakanin 87.5 da 90. Sa'an nan a waɗansu motoci ramin kunna taba ba ya mutuwa ko an cire makulli, idan aka bar na'urar a ciki kwana da kwanaki sai ta tsotse batir.

Ƙofar Da Aka Bari Domin Akwatin Faifai

A shekarun 1990 zuwa tsakiyar 2000 kamfanonin mota suna sayar da wani akwati mai cin faifan CD shida, wani goma, wani ma goma sha biyu, wanda ake girkawa a cikin but ko ƙarƙashin kujera. Ba kowane mai saye ne yake biyan kuɗinsa ba, amma da yake ya fi wa kamfani sauƙi ya ƙera rediyo iri ɗaya, sai aka bar soket ɗin akwatin a bayan rediyoyi masu yawan gaske, ko da motar ba ta zo da shi ba. Ta wannan soket rediyo yake aika umarni, kamar a ce wuce gaba ko canza faifai, akwatin kuma ya maido da sautin hagu da na dama kai tsaye cikin amfilifaya. Watau ke nan wayoyin nan uku da ake nema suna nan a shirye tun daga kamfani, shekara ashirin suna jiran mai amfani da su.

Sai dai ƙofar tana da mai gadi. Rediyo ba ya buɗe wannan hanya sai ya yi tambaya ya ji akwatin ya amsa, shi ya sa wanda ya sa waya kawai a haƙoran soket ɗin ba ya jin kome. Abin da ake bukata shi ne wata 'yar adafta, girmanta bai kai tafin hannu ba, wadda take amsa wa rediyo da yaren akwatin faifai. Da an danna maɓallin CD ko DISC sai rediyo ya nuna faifai na ɗaya, waƙa ta ɗaya, alhali abin da ke fitowa daga sifiku sautin salula ne. Muryar da ake samu ta nan ta fi ta sauran hanyoyin duka, domin ba ta bi ta iska ba, ba ta kuma bi ta kan rikoda ba. Zangon FM yana yanke siririn sauti daga kilohaz 15, faifan CD kuwa yana kaiwa 20, kuma hanyar da aka gina domin faifan ita ce sautin yake bi.

Kowane kamfani da irin soket ɗinsa da yarensa, saboda haka ba a sayen adafta da ka. Toyota da Lexus suna da iri biyu sanannu. Na farko, wanda aka fi samu daga wajen 1998 zuwa farkon shekarun 2000, haƙoransa biyar ne a layi ɗaya, bakwai a ɗaya layin. Na biyu, wanda ya biyo baya, shida ne da shida. Honda tana da soket mai gurbi goma sha huɗu, amma na kafin 2003 da na bayanta ba su shiga wa juna. Tsofaffin Volkswagen mai haƙori takwas ne, na baya kuma goma sha biyu. A waɗansu motocin Peugeot na bayan 2004, irin su 307 da 407, hanyar AUX tana nan cikin rediyon amma a kulle, sai an buɗe ta da kwamfutar gwajin mota bayan an sa wayar. Waɗansu manyan motocin Mercedes da BMW da Audi kuwa ba ta waya sautinsu yake tafiya ba, ta zaren gilashi mai ɗaukar haske ne, adaftarsu daban ce kuma tana da tsada.

Dabarar da ta fi ita ce a fara ciro rediyo a duba bayansa, a ɗauki hoton soket ɗin da na takardar da ke manne a jikinsa mai ɗauke da lambar ƙira, sa'an nan a tafi Ladipo ko Panteka ko Kofar Ruwa da hoton a hannu, a kuma yi sharaɗi da mai kaya cewa idan ba ta yi ba za a mayar. A yawancin Toyota, bayan an ɓanɓare murfin robar da ya kewaye rediyo, kusoshi huɗu ne masu lamba 10 suke riƙe da shi. Na motocin Turai sai da waɗansu siraran ƙarafa da ake zurawa a 'yan ramukan da ke fuskarsa. A Accord ƙirar 2003 zuwa 2007 ba a ma bukatar ciro shi, ana cire aljihun ajiya da ke ƙasansa ne a miƙa hannu a sami soket ɗin. Idan motar ta riga ta zo da akwatin faifai na waje, to, sai a zaɓa tsakaninsa da adafta, ko a nemi waya mai baki biyu.

Idan Ba A Sami Ƙofar Ba

Ba kowane rediyo ne yake da soket ɗin ba, musamman na motoci masu ƙaramin daraja. Ga irin waɗannan akwai wata na'ura 'yar'uwar ta ramin taba, amma ita ba ta watsa kome a iska. Ana zare wayar eriya daga bayan rediyo a cusa ta jikin na'urar, ita kuma a cusa tata a gurbin eriya. Da an kunna ta sai ta katse eriyar waje ta zuba nata sautin kai tsaye, don haka tashoshin gari ba su samun hanyar kutsowa. Muryarta muryar FM ce, ba ta kai ta soket ɗin faifai ba, amma ba ta canzawa daga gari zuwa gari. Tana bukatar wuta, kuma wajibi ne a ɗauko wutar daga layin da ke mutuwa idan an kashe mota, a kuma sa mata nata fiyus.

Hanya ta ƙarshe aikin mai gyaran rediyo ce, ba ta mai wayarin ba. Ana buɗe cikin rediyon a nemo inda sautin kaset ko na faifai yake fitowa kafin ya kai ga maɓallin ƙara murya, a liƙa wayoyi uku da dalma a wurin. Gwanintar tana wajen sanin gurbin. Abin da kan rikoda yake fitarwa ɗan mitsitsi ne ainun, 'yan kashi kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya, salula kuwa tana iya fitar da abin da ya kusa bolt guda. Wanda ya liƙa wayar a kan rikoda kai tsaye zai ji murya a fashe, dole sai bayan ƙaramar amfilifayar da ke biye da shi, tare da kafasita a kowane layi domin ta tare wutar da ka iya komawa cikin salula. Wannan aiki idan ya yi kyau ya yi ke nan, idan kuwa hannu ya goce an rasa rediyon ɗungum, don haka ba a ba da shi ga ɗan koyo.

Abin Da Ake Asara In An Ciro Rediyon Kamfani

Mai karatu zai iya cewa, duk wannan wahala ta mece ce, ga sababbin rediyoyi nan birjik masu Bluetooth da allo? Gaskiya ne a tsofaffin motoci sauyin ba shi da wuya, domin gurbin rediyo yana da ma'auni ɗaya da aka amince da shi, faɗin milimita 180 da tsayin 50, ko tsayin 100 ga mai hawa biyu. Amma daga farkon shekarun 2000 rediyo ya daina zama baƙo a mota, ya zama ɗan gida. A Accord ɗin nan da aka ambata, wadda 'yan kasuwa suke kiran ƙirarta ta farko EOD, rediyo da maɓallan na'urar sanyi a jikin allo ɗaya suke, wanda ya ciro ɗaya ya taɓa ɗayan. A Camry mai sifikun JBL, da motocin Nissan masu Bose, akwai amfilifaya ta daban a ɓoye wadda take jiran umarnin rediyon kamfani, idan aka sauya shi ba tare da adaftar da ta dace ba sai mota ta yi tsit. Maɓallan da ke jikin sitiyari su ma mutuwa suke yi.

Babbar ɓarnar kuwa tana zuwa ne daga almakashi. Wayoyin sabon rediyo suna da launin da aka sani: rawaya wutar dindindin, ja wutar makulli, baƙa ta komawa jikin mota, sa'an nan fara da toka da kore da shunayya na sifiku huɗu. Wayoyin da suka zo da mota ba su bin wannan tsari, kowane kamfani da nasa. Akwai fulogin da ake sayarwa mai haɗa su ba tare da yanka ba, amma mai gaggawa sai ya datse fulogin kamfani ya riƙa gwada waya ɗaya-ɗaya, ya murɗa su da hannu ya naɗe da baƙin tef. Tef kuwa ba ya jure zafin motar da ta wuni a rana. Watanni kaɗan sai ya saki, waya ta taɓa ƙarfe, fiyus ya riƙa ƙonewa, batir ya riƙa kwana babu wuta. Ranar da za a sayar da motar kuma, mai saye da ya leƙa ya ga an taɓa wayarin sai ya rage kuɗi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abubuwan Kiyayewa Ranar Aiki

Kafin a taɓa batir, a tabbata an san lambar sirrin rediyo. Honda da Volkswagen da Ford da waɗansu motocin Turai suna kulle rediyonsu da zarar wuta ta yanke, domin maganin ɓarayi, ba ya kuma buɗewa sai an danna lambar. A yawancin Honda na waɗannan shekaru lamba biyar ce, ana samunta a wani ɗan kati cikin littafin mota ko a manne a jikin aljihun gaban fasinja. Motar da ta ratso teku ta wuce hannu uku ba kasafai take isowa da katin ba. A Honda da yawa na bayan 2001, idan aka danne maɓalli na 1 da na 6 tare aka kunna rediyo, zai nuna lambar jikinsa wadda da ita ake neman ta sirrin. Yawan gwada lambar ƙarya yana sa ya ƙara kullewa.

Bayan haka sai a cire kan batir mai alamar ɗebewa tukuna, domin jikin mota gaba ɗaya da shi yake haɗe, idan aka fara da ɗayan kuma sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi. A dakata kafin a sa hannu cikin dashbod: Toyota tana cewa daƙiƙa 90, Honda minti 3, domin jakar iskar da ke kare direba tana riƙe da ragowar wuta. Duk fulogi ko waya mai rigar rawaya da aka gani a bayan dashbod ta jakar iska ce. Kada wanda ya ruɗe ta da rawayar sabon rediyo, kada kuma a soke ta da fitilar gwaji, domin jakar tana iya fashewa a fuskar mai aiki. Fiyus ɗin da ya ƙone a maye shi da mai lamba irin tasa. Wanda ya ɗaura zaren waya ko takardar sigari a gurbinsa ya cire mai gadin da ke tsakanin motarsa da gobara. A ƙarshe, mai mota ya tsaya a kan aikin, ya gwada sifiku huɗu da fitilun dashbod da na'urar sanyi kafin a mayar da murfi.

Wani lokaci bayan an gama kome sai a ji wani siririn kuka a sifiku, yana tashi idan an taka totur, yana sauka idan an saki. Ba lalacewa ba ce. Altaneta tana barin 'yar rawa a cikin wutar da take bayarwa, idan kuma salula tana caji a ramin taba alhali tana haɗe da rediyo, sai lantarki ya sami hanyar komawa biyu, rawar nan ta bi ta wayar sauti, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Gwajinsa shi ne a zare caja. Idan kukan ya ɗauke, maganinsa wata 'yar na'ura ce mai ƙananan taransifoma biyu da ake sawa tsakanin salula da rediyo, tana barin sauti ya wuce amma ta raba hanyar wutar. Haka kuma ya fi kyau a bar muryar salula a kashi uku cikin huɗu, a riƙa ƙarawa da ragewa daga rediyo. Wanda salularsa ba ta da ramin iyafis, kamar yadda Apple ya fara da iPhone 7 a 2016 waɗansu suka bi sahu, sai ya sa 'yar mahaɗa a ramin caji, ko ya cusa ƙaramar na'urar Bluetooth a sabon ramin AUX ɗin. Waɗansu adaftocin soket ɗin faifai ma da Bluetooth ɗinsu suke zuwa.

Saura Hannun Direba

Duk wannan gyara ba shi da amfani idan ya zama dalilin da direba zai riƙa sunkuyawa a kan salula. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, daƙiƙa biyu na neman waƙa sun haura mita 55 da aka tafi ido a rufe, tsawon da ya isa a tarar da tirelar da ta lalace a tsakiyar hanya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa amfani da salula lokacin tuƙi cikin laifuffukan da ake cin tara a kansu. Amfanin shigar da sauti cikin sifikun mota shi ne kunnen direba ya zauna a buɗe ya ji odar na bayansa, hannuwansa biyu kuma su zauna a kan sitiyari. Saboda haka a jera abin da za a saurara tun mota tana tsaye, a ajiye salula a aljihun tsakiya, in kuma lalle sai an canza, a miƙa wa na kusa.

Shawara ga duk mai irin wannan mota ita ce, kafin ya yarda a ɗauko almakashi, ya sa a ciro masa rediyon ya ga bayansa da idonsa. Aikin minti ashirin ne. Idan soket ɗin yana nan, ya huta da sauran magana. Idan babu, ga sauran hanyoyi nan bi da bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, yankan waya kuwa ya zama na ƙarshe. Allah ya kiyaye hanya.